Yadda Mutum Zai Ci Gaba da Hulɗa da Duniyar Halittu Alhali Yana Killace a Gida

Dalilan da suke tsare mutum a cikin gida suna da yawa. Akwai jinya mai tsawo, akwai tsufa, akwai kula da majinyaci ko jariri, akwai aikin da ake yi daga ɗaki, akwai kuma dokar hana fita irin wadda annobar korona ta jawo wa ƙasashe da dama a shekarar 2020. Ko ma wane ne dalilin, bayan 'yan makonni mutum yakan tarar cewa kwanaki sun fara kama da juna, barcinsa ya rikice, kuma ba zai iya faɗin ko wata ya tsaya ko bai tsaya ba sai ya duba waya. Mutane da yawa sun ɗauka cewa maganin wannan sai an fita zuwa daji ko bakin kogi, saboda haka idan fita ta gagara sai su haƙura gaba ɗaya. Ni a ganina abin da yake ƙulla mutum da halittu shi ne ya riƙa lura da wuri guda a kai a kai har ya san shi, kuma taga ɗaya ta isa a yi wannan aikin.

Akwai binciken da ake yawan ambata a kan wannan batu. A shekarar 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi a kan bayanan majinyata 46 da aka yi wa aikin cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyin sun yi kusan kwana 8 a asibiti bayan aikin, masu kallon bango sun kai kusan kwana 9, kuma na farkon sun nemi magungunan kashe zafi masu ƙarfi ƙasa da na biyun. Adadin mutanen kaɗan ne, don haka bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya nuna cewa abin da ido yake gani ta taga ba abin wasa ba ne. Ga matakan da za a bi.

Mataki na farko: a zaɓi wuri guda da lokaci guda

A zagaya gidan a tsaya a gaban kowace taga, da baranda idan akwai, da bakin ƙofa ko tsakar gida, a duba wacce ce ta fi nuna sararin sama da wani abu mai rai, ko da bishiyar maƙwabci ce da reshenta kawai ake hange. Idan za a zaɓa tsakanin taga mai nuna titi mai cunkoso da wadda take nuna sama da kan rufin gidaje, ta biyun ta fi, domin motsin mutane da motoci yana fizgar ido ya hana shi lura da abubuwan da suke motsi a hankali. Bayan an zaɓa, a kawar da kayan da suka tare ta, a wanke gilashin ciki da waje, a ajiye kujera ko tabarma a wurin yadda ba sai an ɗauko ta kullum ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma na lura cewa duk al'adar da take buƙatar shiri kafin a fara ta ba ta cika yin sati biyu ba.

Sai a gano inda tagar ta fuskanta. Ba a buƙatar na'ura, domin idan hasken rana yana shigowa da hantsi, gabas take kallo, idan kuma da la'asar yake shigowa, yamma ce. Sanin wannan zai yi amfani wajen ajiye tukwanen shuka da wajen neman wata da taurari.

Game da lokaci, minti 15 a kowace rana sun fi awa biyu a rana ɗaya. Mafi kyawun lokaci shi ne daga fitowar alfijir zuwa fitowar rana, sai kuma dab da faɗuwarta, saboda a waɗannan lokutan ne haske yake canzawa da sauri kuma tsuntsaye suka fi zirga-zirga. A bar waya a wani ɗaki. A kwanaki ukun farko mutum zai ji kamar babu abin gani, kuma zuciyarsa za ta yi ta raya masa ayyukan da suke jiransa. Kada ya tashi. Daga kwana na huɗu ko na biyar ne ido yake fara rarrabewa, ya gane cewa kurciyoyin da suke sauka a kan waya biyu ne kullum, kuma daga ɓangare ɗaya suke zuwa.

Mataki na biyu: a shigo da haske da iska

Jikin ɗan Adam yana da agogo a cikin ƙwaƙwalwa wanda yake daidaita kansa da hasken da ido yake samu, musamman na safe, kuma shi ne yake sarrafa fitar sinadarin melatonin mai kawo barci da daddare. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Ɗaki mai fitilar lantarki yakan samu tsakanin luks 100 zuwa 500, yayin da waje a ranar da gajimare ya rufe sama yake wuce 1,000, a tsakar rana mai haske kuwa yana iya kaiwa 100,000. Ido ba ya nuna mana girman wannan bambanci saboda yana sabawa da sauri, amma agogon jiki yana jin sa, kuma shi ya sa wanda ya daɗe a ɗaki barcinsa yake ta ja baya. Don haka da an tashi a ɗage labule gaba ɗaya, a zauna dab da taga na minti 20 zuwa 30, domin haske yana raguwa ƙwarai da an matsa taku biyu ko uku zuwa cikin ɗaki. Da dare kuma a rage fitilu.

A sani cewa gilashin taga yana tare nau'in hasken rana da fata take amfani da shi wajen samar da sinadarin bitamin D. Wanda zai iya buɗe taga ko ya zauna a baranda har rana ta taɓa hannuwansa da ƙafafunsa na ɗan lokaci, ya yi hakan, wanda kuma zai daɗe bai ga rana ba ya tuntuɓi likita. A riƙa buɗe tagogi biyu masu kallon juna safe da yamma don iska ta ratsa, sai dai idan akwai ƙura ko hayaƙi a waje. Iskar tana shigowa da labari, domin ƙamshin ƙasa kafin ruwa ya sauka da sanyin asuba duk suna gaya wa jiki inda shekara ta kai.

Mataki na uku: a buɗe littafin lura

A sami ƙaramin littafi da fensir a ajiye su a bakin tagar. Kowace rana a rubuta kwanan wata da lokaci, sannan layi uku ko huɗu: yadda sama take, daga ina iska take busowa, waɗanne tsuntsaye aka gani kuma guda nawa, me ya canza a jikin bishiya ko shuka. A rubuta abin da aka gani da ido, a bar abin da ake zato. "Tsuntsu baƙi mai farin ƙirji, ya fi tattabara girma, ya sauka sau biyu" ya fi amfani a kan sunan da ba a tabbatar ba. Wanda bai iya zane ba ma ya gwada zana ganye ɗaya, saboda zane yana tilasta wa ido ya ƙirga jijiyoyin ganyen ya duba bakinsa, abin da ɗaukar hoto ba ya sa mutum ya yi.

Amfanin littafin ba ya bayyana sai ya yi kauri. Bayan wata biyu mutum zai koma baya ya ga ranar da bishiya ta fara toho da ranar da wani tsuntsu ya daina zuwa. Irin wannan rubutu na mutanen da suka zauna wuri guda ya zama taska ga masana kimiyya. Wani mai gona a yankin Norfolk na Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranakun tohon bishiyoyi da zuwan tsuntsaye a shekarar 1736, zuriyarsa kuma suka ci gaba har zuwa 1958. A birnin Kyoto na Japan akwai bayanan ranar da bishiyoyin ceri suke cika fure waɗanda suka faro tun ƙarni na 9, kuma da su ne aka gane cewa furen ranar 26 ga Maris, 2021 ya riga duk na shekarun da aka rubuta kafinsa. Waɗanda suka fara waɗannan rubuce-rubuce ba su san za a yi amfani da su wajen nazarin ɗumamar yanayi ba.

Mataki na huɗu: a koyi karatun sama

Sama ita ce ɓangaren halitta da gini bai cika iya rufewa gaba ɗaya ba, don haka zan ɗan tsawaita a nan. A fara da rana. Idan taga tana kallon gabas ko yamma, a zaɓi wata alama a nesa, kamar kusurwar gini ko turken lantarki, a rubuta sau ɗaya a mako inda rana ta fito ko ta faɗi idan aka kwatanta da alamar, kuma a tsaya a wuri ɗaya duk lokacin da za a duba. Za a ga cewa rana ba ta fitowa daga wuri guda. A wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take fitowa daga gabas sosai, daga nan sai ta yi ta gusawa arewa har zuwa wajen 21 ga Yuni, ko kudu har zuwa wajen 21 ga Disamba, inda take yin kamar ta tsaya na 'yan kwanaki kafin ta juyo. Dalilin shi ne karkatar da duniya ta yi da kimanin digiri 23.4. Kada a taɓa kallon rana kai tsaye, balle da madubin hangen nesa, domin tana iya lalata ido cikin daƙiƙu. Hanya mafi aminci ita ce a riƙa sa alamar fensir a ƙasa ko bango inda hasken taga ya tsaya a daidai lokaci guda a kowane mako.

Gajimare kuwa yana da sunaye tun da wani mai haɗa magunguna a Landan, Luke Howard, ya rarraba shi a wata lacca da ya gabatar a ƙarshen 1802. A yau Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana lissafa manyan nau'o'i goma, amma uku sun isa mai farawa. Akwai mai tudu kamar tarin auduga, gindinsa a baje, wanda yake tasowa idan ƙasa ta yi zafi iska mai ɗumi ta hau sama. Akwai shimfiɗaɗɗe mai launin toka da yake rufe sama kamar mayafi. Akwai kuma siriri mai kama da gashin tsuntsu, can sama ƙwarai, wanda ƙanƙara ce zalla ko da a ƙasa ana fama da zafi. Idan mai tudun nan ya yi ta hawa da rana har kansa ya baje, hadari ne yake haɗuwa. In an ga walƙiya a fara ƙirga daƙiƙu har a ji tsawa, kowace daƙiƙa uku tana nufin nisan kimanin kilomita ɗaya, kuma idan tazarar ta fara gajarta a bar bakin taga. Mai son auna ruwan sama ya ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, ya auna zurfin ruwan da ya taru da rula kowace safiya sannan ya zubar. Milimita ɗaya tana daidai da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita.

Wata ya fi komai sauƙin bi. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa yana ɗaukar kimanin kwana 29 da rabi, kuma a kowace rana yana jinkirta fitowa da kusan minti 50. Jinjirin wata ana ganinsa a yamma bayan faɗuwar rana, a wajen kwana bakwai yana sama ya yi rabi da almuru, a daren sha huɗu yana fitowa daga gabas lokacin da rana take faɗuwa, daga nan sai ya riƙa makara har ya koma fitowa da asuba. Ma'ana, ko gabas taga take kallo ko yamma, akwai kwanakin da zai bi ta gabanta. Mai madubin hangen nesa ya dube shi lokacin da yake rabi, saboda a kan iyakar haske da duhu ne inuwar duwatsu da ramukansa suke fitowa, cikakken wata kuwa haske ne kawai mai kashe ido.

Don ganin taurari a kashe fitilar ɗaki a jira minti 20 zuwa 30 ido ya saba da duhu, kuma duban waya sau ɗaya yana mayar da hannun agogo baya. Abin da yake da haske sosai amma ba ya ƙyaftawa, galibi duniya ce irin tamu. Zara, wadda ake gani a yamma bayan faɗuwar rana a wasu watanni kuma take fitowa da asuba a wasu, ita ce mafi haske. Da madubin hangen nesa da aka jingina da bakin taga don kada hannu ya yi rawa, ana iya ganin manyan watanni huɗu da suke kewaya duniyar Jupita, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610, kamar ɗigo a jere, kuma gobe za a tarar sun sauya wuri. Taurari suna riga fitowarsu ta jiya da kusan minti huɗu, wato awa biyu a wata, shi ya sa Kaza da 'ya'yanta suke bayyana a wani sashe na shekara su ɓace a wani.

Mataki na biyar: a shuka wani abu

Kallo kawai yana iya gundurar mutum, amma abin da yake jiran ruwa daga hannunsa yana tashinsa daga kan gado. Nelson Mandela ya yi lambu a farfajiyar kurkukun tsibirin Robben, kuma bayan an mayar da shi kurkukun Pollsmoor a 1982 ya ci gaba da shuka a kan rufin gini cikin gangunan mai da aka raba biyu. 'Yan sama jannati ma suna shuka a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda suka ci latas ɗin da suka noma a can a watan Agustan 2015.

A fara da gwajin da yake nuna abin da ƙasa take ɓoyewa. A sami kwalba mai faɗin baki, a jiƙa takarda mai shan ruwa ko auduga a manna a jikinta ta ciki, a jiƙa ƙwayar wake uku ko huɗu su kwana a ruwa, sannan a cusa su tsakanin takardar da gilashin. A ajiye a wuri mai ɗumi da haske, a riƙa ɗiga ruwa yadda takardar ba za ta bushe ba kuma waken ba zai nutse ba. Cikin kwana uku zuwa biyar saiwa za ta fasa ɓawo, kuma duk yadda ƙwayar ta kwanta, ƙasa za ta nufa. Idan aka kwantar da kwalbar a gefenta, bayan kwana ɗaya ko biyu saiwar za ta lanƙwasa ta sake nufar ƙasa. Idan tsiron ya yi kunne biyu ya kai tsawon yatsa, a dasa shi a tukunya. A duba ganyensa da rana sannan a sake dubawa da tsakar dare, za a tarar ya sunkuyar da su kamar mai barci. Tun a 1729 wani masani Bafaranshe, de Mairan, ya sa wata shuka mai naɗe ganye a cikin duhu ya ga ta ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci, wanda yana cikin alamomin farko da suka nuna cewa halittu suna ɗauke da agogo a jikinsu.

Tsiron zai karkata wajen taga. Masanin halittu Charles Darwin, wanda rashin lafiya ya sa ya shafe mafi yawan shekaru 40 na ƙarshen rayuwarsa a gidansa da lambunsa, ya bincika wannan tare da ɗansa Francis. Sun rufe kan tsiron ciyawa da 'yar hula da haske ba ya ratsawa, suka ga ya daina karkata, daga nan suka gane cewa kan tsiron ne yake jin haske ya aika saƙo ƙasa. Ana iya maimaita gwajin da 'yar takardar alminiyam. Don kada shuka ta karkace, a riƙa juya tukunyarta kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku.

Game da tukunya, kowane mazubi zai yi muddin an huda gindinsa. Mafi yawan shukokin ɗaki yawan ruwa ne yake kashe su, domin saiwa tana buƙatar iska, idan ƙasa ta jiƙe kullum sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shukar kuma ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa. Kafin a ba da ruwa a cusa yatsa har gaɓar farko ko ta biyu, idan da danshi a bari sai gobe. Idan za a bayar, a zuba har ya fito ta ƙasa, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Shuka mai 'ya'ya kamar tumatir da barkono tana son rana ta awa shida ko fiye, na'ana'a da sauran masu ganye suna haƙuri da ƙasa da haka, moda kuwa tana rayuwa ko a ɗaki mai ƙarancin haske kuma tana jure mantuwa. Gidan da yake da ƙananan yara ko kyanwa a bincika shuka kafin a shigo da ita, saboda wasu na ado suna da guba, furen lili ma yana lalata ƙodar kyanwa.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa tukwanen shuka suna tsabtace iskar ɗaki, wadda ta samo asali daga gwajin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989 a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa a ɗaki na gaske sai an tara shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje take yi. A yi shuka don rainonta da kallonta, tsabtar iska kuwa a bar wa buɗe taga.

Mataki na shida: a gayyato tsuntsaye da ƙananan halittu

Ruwa ya fi abinci jan tsuntsaye. A sami kasko marar zurfi, a zuba ruwan da bai wuce santimita biyu zuwa biyar ba, a sa dutse a tsakiya don ƙananan tsuntsaye da ƙudan zuma su sami wurin tsayawa, a ajiye inda kyanwa ba za ta yi musu kwanton ɓauna ba. Dole ne a zubar da ruwan a goge kaskon duk bayan kwana biyu, saboda sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma nau'in da yake yaɗa zazzaɓin denge ya fi son irin waɗannan ƙananan mazubai, yana manna ƙwansa a jikinsu. Idan za a zuba hatsi, a zuba kaɗan da safe yadda zai ƙare kafin yamma don kada ya jawo ɓeraye, kuma kada a ba su abin da yake da gishiri ko ya yi fumfuna. Suna iya yin mako biyu kafin su amince da wurin.

Gilashi yana kashe tsuntsaye saboda suna ganin sama da bishiya a jikinsa, kuma wani ƙiyasi na 2014 ya nuna cewa a Amurka kaɗai tsakanin miliyan 365 zuwa 988 suke mutuwa a shekara ta hanyar karo da gine-gine. Don haka a ajiye kaskon dab da taga, ƙasa da mita ɗaya, yadda tsuntsun da ya firgita ba zai yi gudun da zai ji rauni ba, ko kuma a yi ɗige-ɗige a bayan gilashin da tazarar santimita biyar.

Wajen gane tsuntsu a fara da girmansa idan an kwatanta da gwara ko kurciya ko hankaka, sai siffar baki, sai yadda yake tafiya, ko tsalle yake yi ko taku, launi kuwa shi ne na ƙarshe domin haske yana yaudara. Da asuba a rufe ido a saurara, a yi ƙoƙarin ware murya ɗaya a bi ta har a san ta kafin a ƙara wata. A lokacin dokar kulle ta 2020 masu bincike a San Francisco sun gano cewa da ƙarar motoci ta ragu, wani nau'in gwara ya sassauta muryarsa amma duk da haka ana jin waƙarsa daga nisan da ya ninka na da. A nan waya tana da rana: manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto ko kuka, ko da yake ta fi ƙwarewa a wasu yankunan duniya fiye da wasu, iNaturalist kuma tana karɓar hoton ƙwaro ko ganye masana su tabbatar da sunansa. A fara dubawa da ido a rubuta a littafi, sannan a tambayi waya.

Kada a raina mazauna cikin gidan. Gizo-gizon da yake kusurwar taga, idan irin mai saƙa zagayayyar yana ne, yakan cinye tsohuwar ya saƙa sabuwa kusan kullum, kuma ana iya kallon aikin daga farko har ƙarshe cikin kimanin awa ɗaya. Tururuwa suna bin layi ne saboda ƙamshin da na gaba suka bari, idan aka goga yatsa a kan hanyarsu za a ga sun rikice na ɗan lokaci kafin su sake ɗinke ta.

Idan mutum yana kwance ne ko tagarsa bango take kallo

Wanda yake jinyar majinyacin da ba ya iya tashi ya juya gadon yadda zai fuskanci taga, idan kuma hakan ba zai yiwu ba ya rataya madubi a kusurwar da za ta ɗauko masa sama ko reshen bishiya. A riƙa kawo masa abin da zai taɓa ya sansana, kamar ganye ko fure ko dutse mai santsi, a ajiye kwalbar waken nan a gefen gadonsa, a bar shi ya zama mai faɗin abin da za a rubuta a littafin. Sai dai wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni a tambayi likitansa kafin a kawo ƙasa ko fure kusa da shi, saboda ƙwayoyin cutar da suke ɗauka.

Ɗakin da ba ya samun rana kai tsaye zai iya ɗaukar lambun kwalba. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya gano hanyar a 1829 lokacin da ya ga tsiro ya fito a cikin kwalbar da ya rufe da ƙasa mai danshi, ya kuma rayu ba tare da an ƙara ruwa ba. A zuba tsakuwa santimita biyu a gindin babbar kwalba, a bi da garin gawayi kaɗan, sannan ƙasa santimita biyar, a dasa gansakuka ko wata ƙaramar shuka mai son inuwa, a yayyafa ruwa kaɗan a rufe. A ajiye ta inda akwai haske amma rana ba ta bugunta, domin rana za ta dafa abin da yake ciki. Da safe za a ga raɓa a jikin gilashin, da rana ta gangara ta koma ƙasa. Idan raɓar ta rufe gilashin duk yini, ruwa ya yi yawa, sai a buɗe murfin na kwana ɗaya a sake rufewa. Idan kuma ba a ga raɓa ko kaɗan ba, a ƙara ruwa cokali ɗaya.